Idan gaba ya miƙe ya ƙi kwanciya: yadda ake ƙirga awanni da abin da za a yi

Abu na farko, a duba agogo. Duk namijin da gabansa ya miƙe ba tare da sha'awa ba, ko ya ƙi kwanciya bayan biyan buƙata, ya riƙe lokacin da abin ya fara, domin shi ne tambayar farko da likita zai yi. Idan ya kai awa 4, ya zama larurar gaggawa da likitoci ke kira firayafizim.

A cikin azzakari akwai tsoka biyu masu kama da soso, jini ke cika su lokacin miƙewa, sannan ya fice. A nau'in da ya fi yawa, wajen kashi 95 cikin 100, jinin ne ke maƙalewa: tsoho bai fita ba, sabo bai shiga ba. Alamarsa a fili take. Jikin gaban ya yi tauri kamar icce, kan kuma da laushi, ga zafi da ke ƙaruwa. Akwai wani nau'in da ke biyo bayan bugu a tsakanin cinyoyi, ba ya tauri sosai, ba ya zafi, amma rarrabe su aikin asibiti ne.

A nan Jos, sikila na cikin manyan abubuwan da ke jawo shi. Kusan ɗaya cikin uku na maza masu sikila kan gamu da shi a rayuwa, har da yaran da ba su balaga ba, galibi cikin dare ko da asuba. Sai allurar da ake yi wa gaba don ƙarin ƙarfi, wasu magungunan taɓin hankali, hodar iblis, da sankarar jini. Haɗe-haɗen maganin maza da ake tallatawa a tasha ma abin tsoro ne, tunda mai sha bai san abin da aka zuba ciki ba.

Daga awa 4 zuwa 6, iskar oksijin da sukarin da ke cikin jinin da ya maƙale sun fara ƙarewa, jinin ya yi tsami, ya yi baƙi. A wannan lokaci tsokar tana shan wuya amma ba ta lalace ba. Wajen awa 12 sai ta fara kumbura daga ciki. Wanda aka yi wa magani kafin nan, yawanci ƙarfinsa kan dawo yadda yake. Zuwa awa 24, shimfiɗar da ke cikin ramukan soson ta fara saɓulewa, jini ya fara kamawa a jikinta, kuma daga nan damar warkewa ke raguwa da sauri. Bayan awa 36 da wuya miƙewa ta dawo da kanta. Zuwa awa 48 jini ya daskare, tsokar da ke saki ta karɓi jini ta mutu, tabo mai tauri ya fara maye gurbinta. Tabo ba ya buɗewa. Shi ya sa daga baya gaban kan gajarce, kuma ko Viagra ba ta cika yin aiki ba. Raguwar zafi bayan kwana biyu ba sauƙi ba ne, sau da yawa alama ce cewa tsokar ta riga ta mutu.

A awa ta farko ana iya gwada yin fitsari, shan ruwa da yawa, zagaya tsakar gida, wanka da ruwan ɗumi da shan farasitamol. Mai sikila kada ya kuskura ya ɗora ƙanƙara ko ya watsa ruwan sanyi, balle a hunturun Jos, sanyi na ƙara toshe masa jijiyoyi. Shi kada ya wuce awa 2 a gida. Jima'i ba ya kwantar da gaban, ɗaurewa da tsumma kuwa ƙara ɓarna ce. A nemi keke ko mota a nufi sashen gaggawa na asibitin da ke da likitan mafitsara, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ko da ƙarfe biyu na dare ne. A tafi da kwalin duk abin da aka sha, kuma a daina ci tun daga gida ko za a buƙaci tiyata.

Kunya ce ke cinye awannin. Saurayi zai kwana yana juyi a ɗaki, ya kasa faɗa wa mahaifinsa, sai kwana biyu sun wuce. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Iyaye masu ɗa mai sikila su gaya masa tun yana ƙarami cewa wannan ciwo ne kamar ciwon ƙashi, ba laifi ya yi ba, ya zo ya faɗa nan take.

A asibiti za a kashe zafin wurin da allura, a soka wata a gefen gaban a zuƙo jinin. Na farko kan fito baƙi ƙirin, mai kauri. Za a ci gaba da zuƙa ana wankewa da ruwan gishirin asibiti har ja ya bayyana. Idan bai kwanta ba, a yi wa gaban allurar fenilefrin da aka tsarma, maganin da ke matse jijiyoyin jini, wajen maikrogiram 200 duk minti 3 zuwa 5, ba a wuce miligiram 1 cikin awa guda, ana auna hawan jini da bugun zuciya. Mai sikila za a ƙara masa ruwa da oksijin, amma hakan ba ya maye gurbin zuƙe jinin, tare ake yin su. In duk an gwada bai yi ba, sai tiyatar buɗe wa jinin hanya ta kan gaban. Wanda ya zo bayan awa 36 zuwa 48, likita na iya kawo maganar dasa robar da ke miƙar da gaba a ciki tun kafin tabo ya cike wurin, domin bayan watanni aikin ya fi wuya.

Wanda abin ke zo masa ya tafi cikin awa ɗaya ko biyu, dare bayan dare, ya rubuta rana da tsawon kowanne, ya kai wa likitan sikila ko na mafitsara a makon nan. Irin waɗannan gajerun sukan zo ne gabanin babban, kuma akwai magungunan da ake bayarwa don rage su.