Kurakuran da ake ta maimaitawa wajen sayen kayan gyaran gida da na mota

Wallahi na gaji da ganin abu guda kullum. Yaro ya sayi mota ko ya tare sabon gida, ya ce bari shi ma ya haɗa 'yan kayan aikinshi don ba komai ne za a kira bakanike ko mai gyaran famfo ba, tunani ne mai kyau ƙwarai, amma sai ya shiga babbar kasuwa ya fito da ƙaton akwatin roba cike da ƙarafa masu ƙyalli, ya ɗauki hoto ya turo mani wai Yaya ka ga cinikin da na yi. Sai kuɗi sun fita sannan ake neman shawara. To ga ta nan tun kafin ka sa hannu aljihu.

Wannan akwatin shi ne uban duk kurakuran. Za ka ga an rubuta wai kaya ɗari da wani abu ne ciki, in ka zauna ka duba mafi yawa ƙananan bakunan sukudireba ne da ba za ka taɓa su ba har akwatin ya fashe, sifanun da ka saye shi dominsu kau ƙarfe ne mai taushi aka shafa ma ruwan kurom. Ƙarfen sifana na ƙwarai haɗi ne da kurom da banadiyom, shi ya sa ake buga Cr-V a jiki, sannan a gasa shi a ba shi tauri. To buga haruffa ba wahala ba ne, mai jabu ma yana bugawa, har sunan Jamus yana ɗorawa. Abin da ba ya iya yi da arha shi ne gashin ƙarfen da daidaiton baki. Sifana 14 kamata ya yi ta zauna bisa noti 14 cif, ta kama gefunanshi. In ƙarfen mai taushi ne kana ja bakin na buɗewa, sai ta bar gefe ta hau kusurwa ta cinye ta, kan noti ya mulmule, daga nan ko sifanar ƙwarai ka kawo ba ta da inda za ta kama. Aikin minti biyar ya koma na mai walda.

Ni a hanyar Daura abin ya cim mani. Muna dawowa biki da iyali, mun wuce Mashi kaɗan taya ta yi faci, la'asar sakaliya. Na fiddo wilsifana irin mai kuros ɗin nan sabuwa fil, ta arha ce, kuma tunda na saye ta na jefa but ban taɓa ɗora ta bisa noti ba. Na farko ya kwance da ƙyar, na biyu sai na ji ta tafi sululu, na ɗauka ya saki ne ashe bakinta ne ya tsage tana zagaya notin tana cin kanshi. Dole na bar mata da yara bakin titi na hau mashin na koma cikin gari neman bakanike, ya zo da cizal da guduma ya sare notin, garin haka kusar da notin ke hawa ta lalace, rim ma ya ji ciwo. Kuɗin da suka fita ranar sun ninka na wilsifana mai kyau nesa ba kusa ba, amma ba su ne ke ci mani rai ba, magariba ce ta same ni a hanya da ƙananan yara, kuma kowa ya san yadda tafiyar dare ta koma a jihar nan. Don haka in na ga yaro na murna wai ya samu wilsifana rabin kuɗi raina ne ke ɓaci, haba malam, abin da za ka nema ranar da ba kowa kusa da kai shi za ka yi ma rowa?

Akwai laifin ɗauri ma, dole a faɗa. Toyota ta ce notin tayar Corolla a ɗaure shi 103 Nm, wato ma'aunin ƙarfin ɗauri, masu ƙera Honda Accord sun ce 108, na Golf 120. Wannan 103 ɗin kamar ka rataya kilo 10 da ɗan ɗoriya ne a ƙarshen ƙarfe mai tsawon mita 1. To mai faci zai zura fayif ya hau bisa da nauyinshi duka, mutum mai kilo 70 bisa fayif mita 1 ya ba notin fiye da ninki shida na abin da aka ce. Ni yanzu in aka yi mani faci a gabana ake ɗaurewa, fayif kau ban yarda ba, kuma ina isa gida sai na bi notuna ɗaya bayan ɗaya da tawa wilsifanar in tabbatar zan iya kwance su ni kaɗai. Mai hali ya sayi sifanar awon ɗauri, wadda ke yin ƙas in ta kai lambar da ka saita, amma kar ya kwance noti da ita, kuma in ya gama ya maida saitin ƙasa kafin ya aje.

Yadda nike sayayya ba wani sirri ba ne. Ina tafiya da sababbin notuna cikin aljihu, 10 da 14, in ɗora sifana bisa in girgiza, in ta yi wasa da yawa in aje ma mai shago abinshi. Ina duba rubutun jiki, na ƙwarai a nutse yake tsaf, na jabu a dagule. Ina shafa cikin baki da yatsa, in na ji kaushi ko kurom na ɓarewa shi kenan an gama magana. Filaya in rufe bakinta in ɗaga ta sama wajen haske, in haske na ratsawa ba za ta yanke waya ba sai dai ta tauna. Wasu masu shagon na jin haushi, wasu kau da sun ga haka sai su shiga ciki su fiddo wadda ba su rataye waje ba.

Sai maganar lamba, nan ma ana tafka ta. Kayan nan iri biyu ne, na milimita da na inci, kuma motocin da muke hawa nan Katsina, Toyota, Honda, Peugeot, Golf, duk milimita ne. Ko Camry ɗinka daga Amurka aka kawo ta notunanta milimita ne. Sifana 1/2 inci milimita 12.7 ce, in ka sa ma noti 12 za ta shiga amma da sako-sako, shigar nan kau ita ke yaudarar mutane har su cinye noti. Sannan ko cikin milimitar ba lamba guda kowa ke so ba. Motocin Japan 8, 10, 12, 14, 17, 19 suke ci, notin tayar Toyota yawanci 21, na Honda 19, notin zubar da baƙin mai na Corolla 14, na Honda 17. Motocin Turai sun fi son 13, 16, 17 da 18, ga kuma sukurori masu rami kamar tauraro mai tsini shida, T20, T25, T30, in mai Golf ne kai ba ka da waɗannan ko murfin ƙofa ba za ka buɗe ba. Seti da yawa suna tsallake 16 ko 18 ko 21, ka bi lamba-lamba da ido. Abin da nike ce ma kowa, kafin ka je kasuwa buɗe bonet, duba janaretanka da mashin ɗinka da injin ruwa, rubuta lambobin a takarda, su kaɗai za ka saya amma masu kyau. Lamba 10 ka sayi biyu, ita ke kan batir ita ce kuma ke fara ɓata.

Noti mai tauri ba a fara shi da fulat, wato sifana mai buɗaɗɗen baki, don gefe biyu kawai take kamawa, ringi mai zagayayyen baki ko soket mai kama da ƙoƙo ake sa mashi, soket ɗin ma mai kusurwa 6 ya fi mai 12 riƙo in noti ya yi tsatsa. Ajastabul kau ni wajen famfo nike barinta, ban kai ta jikin inji. Racet, wato hannun da ake juya soket da shi ba sai an cire ba, a nemi mai haƙora 72, yana kamawa da juyin digiri 5 kacal, wanda shi ake so a matsatsin wuri, mai haƙora 36 sai ka samu digiri 10. Kuma don Allah a daina zura ma racet fayif, haƙoran ciki ba don haka aka yi su ba, fawa-handul ake saya, dogon hannun soket marar haƙora, mai bakin 1/2 inci a ɓalle noti da shi sannan racet ya ƙarasa. Soket mai ƙyalli kuma ba a sa shi a injin iska na kwance noti, yana iya fashewa ya watso maka a fuska, na injin baƙi ne mai kauri.

Yanzu ga wadda in na tuna jikina ke sanyi, jak. Mutum zai kashe kuɗi wajen sifanu amma ya shige ƙarƙashin mota bisa jak kaɗai. Jak ɗin da ke zuwa da mota na canza taya ne kawai, littafin motar ma ya hana shiga ƙasa bisa shi. Na mai kuma, wato mai kama da kwalba ko mai taya, 'yar roba ce ciki ke riƙe da man, ranar da ta saki ba ta sallama. Corolla ta haura tan 1, ƙirjin ɗan Adam me zai yi da wannan? Sai wani ya ce ai na sa bulo. Bulon siminti mai rami ba ya lanƙwasa balle ka ga alama, tarwatsewa yake lokaci guda. Ku ji tsoron Allah ku masu tura yaran gareji ƙasan mota a haka, ɗiyan mutane ne aka ba ku amana. Duk ranar da ka sayi jak, ranar za ka sayi mazaunan ƙarfe guda biyu da ake tokare mota da su, in kuɗin ba su kai ba ka haƙura da aikin ƙasa ka kai gareji mai rami. A ja hambirki, a sa waigi a tayar da ke ƙasa, tayar da aka cire a tura ta ƙarƙashin mota. Ƙasarmu kuma rairayi ce musamman wajen Daura da Mai'adua, jak nutsewa yake ya karkace, ni ban rabuwa da guntun katako mai kauri cikin but.

Wani abu da ba a lura da shi wajen sayen jak mai kwalba, ana kallon tan nawa yake ɗauka a manta da tsayinshi. Ka gwada gida ya shiga lafiya, ranar faci mota ta zauna ƙasa sai ya ƙi shiga. A auna da la'akari da tayar da ba iska.

Sukudireba sita ba guda ba ce. Mai lamba PH2 ita ce ta yau da kullum, PH1 ta ƙananan sukurori, akwai kuma PZ da ake samu a hinjin kabad da kayan katako na zamani, kan sukurunta na da ƙarin 'yan layuka huɗu tsakanin kuros ɗin, in ka haɗa su ba daidai ba zamewa za ta yi ta cinye ramin. Sukurun mashinan Japan masu ɗan ɗigo a ka su ma yankansu daban ne, JIS ake ce mashi, shi ya sa na kafireto ke yawan lalacewa hannun mutane. Kuma sukudireba ba cizal ba ce, a daina dukan ƙeyarta da guduma.

Aikin wuta kau, wutarmu 230 ce, ta isa kisa. Jan roba a hannun filaya ba shi ke nuna tana kare wuta ba, ta ainihi an buga mata 1000V da alamar kusurwa uku guda biyu a haɗe. Tastar nan mai ɗan ƙwai ciki ka fara gwada ta a soket ɗin da ka san da wuta kafin ka yarda da shirunta, kuma ko an ɗauke wuta a kashe daga babban makunni, don ba wanda ke yi maka sanarwa in za a maido, ga masu sola da inbata ma. 'Yar mitar awo ta fi tasta amfani, har batirin mota za ta gaya maka, 12.6 in ya cika yana hutawa, wajen 14 in inji na tafiya.

Saura ƙanana. Guduma mai ƙotar icce da hunturu take bushewa kai ya yi lako-lako, a duba kafin a ɗaga. Zarton ƙarfe firam mai arha ba laifi, ruwan ne za a sayi mai kyau, haƙora su kalli gaba. Tef ɗin awo a ɗauki mai inci da santimita duka, don kafinta da magini da inci da ƙafa za su yi maka magana. Alanki, na sukurori masu rami mai kusurwa 6, a sayi na milimita. Soket ɗin kwance fulogin inji ya zama mai roba ciki, 16 ga yawancin motoci, ƙananan janareta da yawa 21. Da damina a goge komai da tsumma mai ɗan baƙin mai kafin a aje.

Maganar suna kuma, Gedore da Knipex na Jamus ko Facom na Faransa kaya ne na gaske amma kuɗinsu sai mai cin abinci da su, kuma in ka ga an ce maka ga su da arha to ka san ba su ba ne. Ga mai gyaran gida da motarshi, na Taiwan irin King Tony da Toptul sun wadatar, Ingco da Total na Caina ma ina aiki da su wajen filaya da guduma da tef. Ba wai duk na Caina ne banza ba, daraja-daraja ne. Na hannu 'yan Beljiyam ma in ka dace a Ƙofar Ruwa ta Kano sun fi sabon jabu, in dai bakin bai cinye ba. Ni mai shago guda na riƙe, kuma kafin in biya sai mun yi da shi cewa in ta tsage a aikin farko zan maido. Tsofaffin sifanuna kau cikin wani buhu daban nike aje su saboda maƙwabta masu aro, na ƙwarai suna cikin but, in mutum na son su ya kawo abin nan ƙofar gida mu kwance tare.