Yadda ake ɗauko zanen yatsa daga fatar gawa

Gaskiya a aikin binciken kisa ba abin da ya kai neman zanen yatsa a jikin mutum wahala. A gilashi ko ƙarfe da sauƙi, amma fata ita kanta tana fitar da gumi da maiƙo, irin dai abin da yatsan mai laifi ke bari, sai su gauraye. Mai rai kuwa cikin ɗan lokaci sawun ya ɓace, shi ya sa aikin ya fi yiwuwa a gawa.

Abu na farko, kar a wanke ta, kar a yi ta juya ta. Na san a wajenmu ana gaggawar yi wa mamaci sutura kuma hakkinsa ne, amma in dai ana zargin kisa ne to wankan nan zai tafi da shaidar gaba ɗaya. Kar kuma a kai ta firjin mutuware tukuna, don in aka fito da ita raɓa ce za ta kwanta a fatar ta narkar da komai. In an riga an sa, a bari ta huce ta bushe da kanta, ban da gogewa.

Sai ka sa safar hannu, ka haska tocila ta gefe, ka duba inda ake riƙe mutum in za a shaƙe shi ko a ja shi: wuya, wuyan hannu, damtse, idon sahu. In za a ɗebi DNA, wato ƙwayoyin halittar da ake gane mutum da su, a fara da shi.

Daga nan sai turaren supa gulu, dabarar da 'yan sandan Japan suka gano wajen 1978. Ana ɗumama gam ɗin, a rufe wurin da leda ko ɗan akwati, tururin ya manne a layukan yatsa su yi fari-fari, amma fa daƙiƙoƙi kaɗan ne, in ya yi yawa duk fatar za ta yi fari kamar an barbaɗa gari, ka yi asara ke nan. Sai ka bi da baƙar hodar maganaɗisu a hankali, kar bakin sandar maganaɗisun da ake shafa hodar da ita ya taɓa fatar.

Da zanen ya fito ka ɗau hoto da rula a gefe kafin komai, sannan ka ɗauke shi da silikon, wani abu da ake shafawa ya daskare kamar roba, don salatif ba ya bin lanƙwasar jiki. Galibi ba a samun wanda zai karantu, amma wallahi guda ɗaya a wuyan mamaci ya isa ya sa mutum bayani a gaban alƙali.