Yadda ake tono tsohon tudun kabari ba tare da an ɓata tarihinsa ba

Tudun kabarin mutanen da, sau ɗaya ake tono shi. Ƙasar da ka ɗebe ba za ta koma yadda masu binnewa suka jera ta ba. Dubi tudun Silbury na Ingila: a 1776 aka haƙa rami daga samansa zuwa gindi, ba a sami abin kirki ba, ba a kuma cike ramin da kyau ba, sai ga saman tudun ya rufta a shekarar 2000. Wannan ɓarna tana damuna, shi ya sa nake son a bi aikin daki-daki.

Fara da neman izini. Hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasar, da mai filin, da mutanen da ke ɗaukar mamatan a matsayin kakanninsu, duk sai sun amince. A Amurka ma akwai doka tun 1990 da ta bai wa ƙabilun asali haƙƙi kan ƙasusuwan magabatansu.

Daga nan ka zagaya filin, kada ka yi saurin ɗaukar shebur. Tudu ba kasafai yake zama shi kaɗai ba. Sau da yawa akwai ramuka, hanyoyi da da'irorin duwatsu kewaye da shi, kamar yadda ake gani a yankin Stonehenge, tsohuwar da'irar manyan duwatsu ta Ingila. Hoton sama, da na'urar auna maganaɗisun ƙasa, da radar mai leƙa ƙarƙashin ƙasa za su nuna maka su ba tare da an haƙa ko taku ɗaya ba. Ka kuma auna inda ƙofar kabarin ta fuskanta. A tudun kabarin Newgrange na ƙasar Ayilan, wanda aka gina wajen shekara 3200 kafin Miladiyya, masanin kayan tarihi Michael O'Kelly ya tsaya cikin ɗakin kabarin a Disambar 1967, ya ga hasken fitowar rana ya bi doguwar hanyar shiga har ciki. Magina sun saita wurin ne da ranakun da suka fi gajarta a shekara.

Sai a kafa turaku, a ja igiya, a raba tudun gida huɗu. Wannan dabarar Albert van Giffen ce, masani ɗan ƙasar Holan. Ana tono ɓangarori biyu masu kallon juna ta kusurwa, a bar siririyar katangar ƙasa a tsakani, domin a jikinta ake karanta yadda aka tara tudun hawa-hawa.

A nan haƙuri yake aiki. Da cokalin magina ake kankare ƙasa, hawa ɗaya bayan ɗaya, daga sabo zuwa tsoho, kowane hawa da lambarsa da zanensa. Ido ya tsaya kan launi. Baƙin da'ira mai faɗin tafin hannu biyu a cikin ƙasa mai haske, galibi gurbin turken katako ne da ya ruɓe. Inda ƙasa ta cakuɗe daga sama ta nufi tsakiya, wataƙila ɓarayin kabari sun riga ka. Za ka iya cin karo da tukunyar toka da ƙonannun ƙasusuwa a gefen tudun, wadda wasu suka cusa ɗaruruwan shekaru bayan mamacin farko, don haka kada ka haɗa su a lissafi ɗaya. Ƙasar da ke ƙarƙashin tudun kuwa, a ganina ta fi zinariya daraja, domin ita ce fuskar filin a ranar da aka rufe shi, da ƙurar furanninta da sawun garmarta.

In an isa kabarin, a ajiye ƙarfe, a ɗauki buroshi da tsinken katako. A sa safar hannu da takunkumi don kada gumi ya gurɓata gwajin ƙwayoyin halitta. Kada a ɗaga komai sai an ɗauki hoto da ma'auni da alamar arewa. Ƙasar kabarin duk a tankaɗe ta a rariya, a wanke wani ɓangare don iri da gawayi su taso saman ruwa. Abin da ba zai jure iska ba, a ɗauke shi ɗungurungum. Haka aka yi a Egtved ta Denmak a 1921: akwatin gawa na itacen oak aka kai gidan tarihi na Kopenhagen kafin a buɗe, aka tarar da tufafin wata matashiya, da furen da ya nuna cewa lokacin zafi aka binne ta. Zobban cikin itacen, waɗanda bishiya ke ƙara ɗaya duk shekara, sun nuna an sare shi a 1370 kafin Miladiyya.

Don sanin shekaru, gwajin kabon 14 ake yi, wani sinadari da ke jikin duk mai rai, wanda bayan mutuwa rabinsa ke lalacewa duk shekara 5,730. Zaɓi ƙashi ko ƙwayar hatsi, domin gawayin tsohuwar bishiya yana iya girmar kabarin da ƙarni biyu ko uku.

Bayan nan a rubuta cikakken rahoto, a miƙa kayan ga gidan tarihi, a yi da ƙasusuwan abin da aka amince tun farko. A bar wani sashe na tudun ba a taɓa ba don masu zuwa da kayan aikin da suka fi namu, sannan a cike ramin a daddanne shi sosai kafin ruwan sama ya sauka.