Matakan neman gurbin digiri na uku a fannin tattalin arziki a Jami'ar Jos

Da farko ka haɗa takardunka: shaidar digiri na farko da na biyu, da ta hidimar ƙasa. Ka nemi tsohuwar makarantarka ta aiko da cikakken sakamakonka tun da wuri, domin shi ke cin lokaci.

Sai batun bincike, kuma nan ne aikin yake. Kada ka ce za ka nazarci "talauci a Najeriya", ya yi faɗi da yawa. Ka matse shi, misali yadda cire tallafin man fetur a 2023 ya shafi farashin dankalin Turawa daga gonakin Bokkos zuwa kasuwar Farin Gada. Kafin ka rubuta komai, ka duba ko akwai alƙaluma a Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ko Babban Bankin Najeriya. In babu, kai za ka shiga kasuwa da takardar tambayoyi, kuma wannan kuɗi ne.

Daga nan ka je sashen tattalin arziki na Jami'ar Jos, ka nuna tsarin bincikenka ga malamin da ya ƙware a ɓangaren. In ya yi na'am, ka cike fom a intanet, ka biya, ka adana rasit.