Idan kwamfuta ta yi shiru, kada ka yi saurin cewa sifika ta ƙone

A shagona da ke wajen Ƙofar Marusa a Katsina, da wuya mako ya wuce ba a kawo mini kwamfutar da mai ita ya yanke hukuncin cewa sifikarta ta mutu ba. Sau da yawa lafiyarta ƙalau. Katin sauti ne ya fi ɗaya a cikinta: akwai na jikin bod, wato babban allon cikin kwamfuta, wanda galibi na kamfanin Realtek ne, akwai na katin hoto irin NVIDIA ko AMD mai tura sauti ta wayar HDMI, wani kuma ya ƙara ɗan ƙaramin na USB ko abin kunne na Bluetooth. Ita Windows guda ɗaya take zaɓa a matsayin babbar hanya, sauran su yi jiran gawon shanu.

Babban kuskure shi ne gaggawar yin fomat. Wani ɗalibi ya goge komai har da rubutun firojet ɗinsa, ashe talabijin ya taɓa jona wa kwamfutar don kallon ƙwallo, sautin ya ci gaba da bin HDMI. Gyaran bai kai minti ɗaya ba. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta mmsys.cpl. A shafin Playback za ka ga duk hanyoyin. Kunna wani karatu, ka lura da wadda koren layi ke motsi a gefenta, can sautin yake zuwa. Zaɓi wadda kake so ka danna Set Default. In ba ka ga sifikarka a jerin ba, danna maɓallin dama na linzami (mouse) a fili ka sa alama a Show Disabled Devices, wataƙila wani ne ya kashe ta.

Masu majigi a makarantu su ma suna shan wannan. HDMI na ɗaukar hoto da sauti, amma VGA, mai shuɗin kai ɗin nan, hoto zalla take kaiwa. Ko kwana za ka yi kana murɗa ƙara ba za ka ji komai ta cikinta ba, sai ka ja waya daban.

Sai ramin da aka soka waya. Kore na sifika ne, ruwan hoda na makirfo, shuɗi na shigar da sauti. A babbar kwamfuta mai kati biyu koren rami biyu ne a baya, mutum ya zaɓi kati ɗaya a Windows ya soka wayar a ɗayan.

Wani lokaci kuma komai na magana sai manhaja ɗaya, misali VLC ko Zoom. Waɗannan suna da nasu zaɓin a saitinsu, haka Volume mixer a Windows 11 na ba kowace manhaja hanyarta. A can za ka duba.

Direba, wato manhajar da ke sa Windows ta iya aiki da katin, shi ne na ƙarshe. Danna Windows tare da R ka rubuta devmgmt.msc, in ka ga alamar rawaya mai kusurwa uku a kan katin, ɗauko direban daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, HP ne ko Dell ko Lenovo. Ni ba na yarda da manhajojin nan masu alƙawarin gyara duk direbobi da dannawa ɗaya. In kuwa Realtek bai bayyana sam ba, shiga BIOS, wato saitin bod da ake buɗewa kafin Windows ta tashi, ka duba ko an kashe Onboard Audio, don masu ƙara kati na biyu sukan kashe shi su manta.