Darasi na Bakwai: Kalmar Application, a Jikin Magani, a Kan Fom, a Cikin Waya

Ko wanda bai taɓa zama a aji ba ya taɓa jin wannan kalma ta Turanci. Ɗanka zai ce ya kai "aflikeshan" ma'aikata yana jiran kira. Mai gyaran waya a bakin kasuwa zai ce wani "aflikeshan" ne ya cinye maka data. Ga ta kuma rubuce a jikin man shafawa da aka sayo a kemis. Yadda ake rubuta ta shi ne: application. Haruffa 11 ne, kuma p ɗin cikinta biyu ne a jere. Ku rubuta ta sau uku a littafinku kafin mu ci gaba.

Asalinta ba Turanci ba ne. Daga Latin ta fito, harshen mutanen Rum na dā. Suna da kalmar applicare, wadda aka haɗa daga ad, wato "zuwa ga", da plicare, wato "naɗewa". Idan an haɗa su, ma'anar ita ce jingina abu ga wani abu, ko ɗora shi a kai. Matuƙan jirgin ruwa sukan yi amfani da ita idan sun kawo jirgi sun jingina shi ga gaɓa. Haka kuma idan mara ƙarfi ya raɓi wani babba domin ya samu kariya, kamar yadda bara ke raɓar ubangidansa, wannan raɓar suna kiranta applicatio. Daga Latin kalmar ta shiga Faransanci. Bayan Normawa daga arewacin Faransa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a, kalmominsa suka yi ta kwarara cikin Turanci har tsawon ƙarnoni. Application ta bayyana a rubutun Turanci a farkon ƙarni na 15.

Ma'anar da ta fi kusa da asali ita ce wadda nake so ku fi riƙewa, domin ta shafi lafiya. A jikin magani, application na nufin shafawa ko ɗorawa a jiki. Ku ɗauki kwalin man ƙaiƙayi ko na ciwon gaɓoɓi ku duba gefensa, inda ƙananan rubutu suke. Idan kun ga external application ko external use only, to na shafawa ne a fata kawai. Ba a sha, ba a lasa, ba a ɗiga wa yaro a baki. Idan an rubuta apply twice daily, a shafa sau biyu a rana ke nan. Apply ita ce kalmar aikatawa, wato "shafa" ko "ɗora". Haka take a buhun taki da galan ɗin maganin feshi: wurin da aka rubuta application rate, nan ne aka faɗi yawan da za a zuba a kowace hekta. Manomi ya nemi a karanta masa wannan layin kafin ya buɗe murfi, domin wuce ƙima yana ƙona shuka, yana kuma cutar da mai feshin.

Wajen shekarar 1600 Turawa suka fara amfani da ita wajen nufin naci da dagewa, mutum ya ɗora hankalinsa kacokan a kan aiki. Wannan ba za ku cika haɗuwa da ita ba sai a littattafai.

Ma'anar neman aiki a rubuce ta zo daga baya, a tsakiyar ƙarni na 19. Ita ce ta fi yawo a ofisoshi. Application letter takardar neman aiki ce da mutum ke rubutawa da kansa. Application form kuwa fom ne da aka buga, kai kuma ka cike, ko na neman gurbin karatu, ko fasfo, ko rance a banki. A kan fom ɗin ku nemi kalmar applicant. Kai ne ake nufi, mai nema. Inda aka ce applicant's signature, nan za ka sa hannu ko ka dangwala yatsa. Idan tambaya ba ta shafe ka ba, misali an tambayi sunan mata kai kuwa ba ka yi aure ba, sai ka rubuta N/A, gajeren not applicable. Kada ka sa hannu a fom ɗin da ba a karanta maka shi daga sama har ƙasa ba, ko da mai miƙo maka shi yana sauri. Idan kuma an nemi kuɗin fom, ka karɓi rasit.

Ta ƙarshe ita ce ta waya. Tun shekarun 1960 masu aikin kwamfuta suke kiran manhajar da aka ƙera don wani aiki takamaimai da wannan suna, daga baya aka gajarta shi zuwa app. Kamfanin Apple ya buɗe App Store, wato wurin sauke manhajoji a waya, a Yulin 2008, kalmar app ta bazu, har wata ƙungiyar masana harshe a Amurka ta zaɓe ta gwarzuwar kalmar shekarar 2010. WhatsApp da kuke aika saƙon murya da ita manhaja ce, ga app ɗin nan ma a ƙarshen sunanta.

Aikin gida: kowa ya zo aji na gaba da abu ɗaya mai ɗauke da application, apply ko applicant, ko kwalin magani, ko tsohon fom, ko takardar jikin buhun taki. Ku ja layi a ƙarƙashin kalmar, ku rubuta ma'anarta da Hausa a gefe. Wanda zai kawo kwalin maganin feshi ya kawo takardar kawai, ya bar galan ɗin a gida nesa da yara.