Yadda ake ɗaure rufin kwano kafin iskar farkon damina

A Kaduna hadarin Afrilu da Mayu daga gabas yake haɗowa, kuma iskar da ke share masa hanya ita ce mai kwashe rufi. Irin wannan yanayin da ke ratsa Afirka ta Yamma, in ya faɗa tekun Atlantika, wani lokaci yakan riƙa ya zama mahaukaciyar guguwa mai gudun kilomita 119 a awa ko fiye. Bayan guguwar Andrew ta 1992, jihar Florida a Amurka ta tsaurara ƙa'idar gini: a ɗaure rufi da bango, bango da tushe. Wannan dabarar tana yi mana aiki a nan.

Iska ɗaga kwano take yi. Tana wucewa ta sama tana zuƙarsa, in kuma ta sami ƙofa ko taga a buɗe sai ta shiga ta tunkuɗo shi daga ciki. Shi ya sa ɓarna ke farawa daga kusurwa da bakin rufi.

Tun cikin Maris a kira kafinta ya shiga silin. Ya fara da katakon da ke kwance a kan bango. In kusa kaɗai ke riƙe da shi a jikin bulo, ba a yi komai ba. Rodi ko langa-langa ake binnewa cikin kankaren linta, a lanƙwaso shi ya rungumi katakon, kusan kowace mita ɗaya. Haka kowane katakon gangare, a ɗaure shi da langa-langa, don kusar da aka buga a tsaye zarewa take yi idan aka ja ta sama. Ya caka sukudireba a jikin katako. Inda ya nutse, gara ta riga ta cinye, sai canji. Sabon a shafe shi da maganin gara.

A kan kwanon, kusa mai hula ake bugawa a tudun kwano. Ta cikin kwari yoyo take kawowa. A baki da kusurwa da tsororuwa a buga kowane tudu, kada a tsallake don tsimi. Kwanon da ya zarce bango kada ya haura rabin mita. Mai sabon gini ya zaɓi rufi mai gangare huɗu, ya fi mai biyu jure iska.

Duwatsu da tsofaffin tayoyi da ake jibgawa a kan kwano, don Allah a sauke su. Ranar da rufin ya tashi, kan mutane za su sauko.

A sassare rassan darbejiya da suka rufa kan ɗaki, a duba ɗaurin tankin ruwa da faifan sola, a riƙa sauraron hasashen NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, a rediyo. Da zarar gabas ta yi baƙi, a kulle ƙofofi da tagogi, a shigar da yara, kowa ya bar gindin bishiya da jikin tsohuwar katanga. In ruwa ya ɗauke, wayar wuta da ta faɗo kada a taɓa ta, ko da babu wuta a unguwa.